Wasan tatsuniya da dayis a waya: amsoshin tambayoyin da kuke ta aiko mani

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun da muka fara wanga wasa a gurup ɗinmu na WhatsApp tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa, wani ya aiko vokal da tsakar dare, wani ya tare ni a fada ana cikin shan shayi, har wani ya taɓa tsayar da kabu-kabunshi a bakin babbar kasuwar Maraɗi don kawai ya tambaye ni wai da gaske ne babu kuɗi a ciki. To ga su nan na tara, wadda na manta ku tuna mani.

Wai wane irin wasa ne wannan?

Ka tuna dare a tsakar gida, kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, ku ce ta zo mu ji ta? To kusan haka ne, sai dai a nan ba mutum ɗaya ke da baki ba. Akwai mai jan labari, shi ke faɗin inda kuke da abin da kuke gani da wanda kuka tarar a hanya, sauran mutum uku ko huɗu kowa na riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, shi ke magana da bakinshi, shi ke zaɓar abin da zai yi. A tatsuniyar kaka in Gizo ya nufi ramin kura sai dai ka yi ta cizon yatsa kana kallo, a nan kuwa kai ne Gizon, in ka ga dama ka juya, in ka ga dama ka shiga da sallama. Inda abu ke da haɗari, ba a san ko zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa dayis, wato ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo na ludo da wasunmu ke ce ma de, abin da ya fito shi za a bi, har mai jan labarin bai isa ya canza ba. Masu Faransanci na ce ma irin wanga wasa JDR, wato jeu de rôle.

Daga ina ya fito?

Daga Amurka. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Dungeons & Dragons, wasu mutum biyu Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974, kuma kamfanin da ke riƙe da shi yanzu Wizards of the Coast ne, tun 1997. Shi wancan yana da dayis iri-iri, mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da kuma mai 20 wanda aka fi jefawa, kuma littafin ƴan wasa na bugun 2014 kaɗai shafi 320 ne. Ba shi muke yi ba. Wasa ne mai kyau amma in ka miƙa ma sabon shiga littafi mai kauri haka ka ce sai ya karanta kafin ya zauna, wallahi ba zai dawo ba. Mu mun ɗauki mai sauƙi, dokokinmu duka ba su cika shafi ɗaya na kaye ba.

Sai da kwamfuta?

A'a. Salularka, ɗan forfe, bik da takarda, da dayis biyu na ludo. Akwai wurare da aka gina musamman don irin wanga wasa, kamar Roll20 da ya fito a 2012 mai taswira da komai, mutane da yawa a waje kuma a manhajar hira ta Discord suke haɗuwa, amma waɗannan sun fi daɗi a kwamfuta da koneksiyon mai ƙarfi. Mu WhatsApp ya ishe mu tunda kowa na da shi kuma kowa ya iya shi, har inna ta iya danna vokal.

To yaya dokokin suke?

Ka faɗi abin da mutuminka zai yi. In abu ne mai sauƙi kamar buɗe ƙofa ko gaida mai gari, an yi kenan, ba a jefa komai. In akwai haɗari ka jefa dayis biyu ka haɗa. 10 zuwa sama, ka samu abin da kake so sumul. 7 zuwa 9, ka samu amma da ɗan tsada, wani abu ya ɓata ko wani ya gan ka ko ka bar takalminka a can. 6 zuwa ƙasa, bai yiwu ba, kuma mai jan labari zai kawo sabuwar matsala. In abin da za ka yi yana cikin abin da mutuminka ya iya, ka ƙara 1 a kan abin da ya fito. Shi kenan fa.

Ba mu muka ƙirƙiro wanga tsari ba, daga wasan Apocalypse World na Vincent Baker ya fito a 2010, wasanni da yawa sun ara. Abin da ya sa nake son shi lissafin ne. Dayis biyu na iya faɗuwa ta hanya 36. A cikinsu 6 ne kawai ke ba da 10 zuwa sama, 15 na ba da 7 zuwa 9, 15 kuma 6 zuwa ƙasa. In kana da ƙarin 1 ɗin nan sai ya koma 10, 16, 10. Ka ga kenan tsakiyar nan ta "ka samu amma" ita ce ke yawan zuwa, kuma nan ne daɗin yake, don labarin da komai ke tafiya daidai ba wanda ke tuna shi washegari, amma ranar da aka tsallake rijiya wando ya maƙale a ƙaya, har yau ana maganarta a fada.

Yaya zan yi mutumina?

Minti biyar ya isa. Suna, sana'a, abu biyu da ya iya, abu ɗaya da ke jawo mashi matsala, da kaya uku a jakarshi. Misali: Tanko maƙeri, yana da ƙarfi kuma ya iya gyaran duk abin ƙarfe, matsalarshi baya iya wuce abinci bai tsaya ba, a jakarshi akwai guduma da igiya da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ko Iya Delu mai fura, ta iya ciniki ta iya lallashi, amma ba ta riƙe sirri.

Roƙona ɗaya, kar ka kawo mani jarumin da ba shi da aibi, wanda ya iya takobi ya iya sihiri ya fi kowa kyau kuma maraya ne da aka kashe danginshi duka. Kusan duk sabon shiga da shi yake zuwa. Ka ba mutuminka ciki ko tsoro ko surutu, sauran ƴan wasa za su so shi tun daren farko. Kuma ba dole sai ɗan Adam ba, muna da wanda ke wasa da buzuzu mai girman kai, da wata da ta ɗauki akuya mai jin magana.

Ba mu misali mu ji yadda ake yi

To. Wani dare na buɗe da cewa a garin Tsamiya Bakwai, wanda babu shi a taswirar kowa sai tamu, saura kwana biyu bikin ɗiyar mai gari aka wayi gari babbar tukunyar biki ta ɓace, ga sawu manya-manya sun nufi gulbi. Na yi shiru na ce me za ku yi?

Tanko ya ce shi dai a bi sawu. Suka bi har bakin wani kogo, ga Dodo zaune ya kife tukunyar a kanshi kamar hula. Ni a raina na shirya faɗa, har na rubuta yawan bugun da Dodo zai iya ɗauka. Sai ƴar'uwar da ke riƙe da Iya Delu ta aiko vokal, da muryar tsohuwa sosai, ta ce "Sannu da hutawa ɗan nan, wa ya yi maka wanga aski?" Na tsaya. Na ce mata jefa, kina da ƙarin 1 tunda lallashi ne. Ta ɗora dayis a faranti ta ɗauki bidiyo, muna jin ƙarar su a kan silba, 4 da 3, da ƙari ya zama 8. Ta samu amma. Nan take na ce Dodo ya fashe da kuka, ashe wanzami ne ya yi mashi aski rabi ya gudu don tsoro, kunya ta sa ya ɗauki tukunya ya rufe kai, zai mayar amma da sharaɗi, sai an ƙarasa mashi askin kuma sai an gayyace shi biki. Sauran daren duka ya tafi a neman wanzamin da zai yarda, da Tanko yana ƙera aska mai tsawon tabarya, da akuya da ta cinye katin gayyata. Ban shirya ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma a duk daren ba a zare takobi ba.

Wa ke cin wasan?

Ba kowa. Ba gasa ba ce, ku duka gefe ɗaya kuke, shi ma mai jan labari ba abokin gabarku ba ne.

Ba caca ba ce? Ni fa ina jin tsoron abin da ya shafi dayis

Wannan tambayar na fi samu kuma ina girmama mai yin ta. Babu kuɗi, babu zubi, babu wanda ke ci babu wanda ake cinyewa, ko dala ɗaya ba ta shiga tsakaninmu, kuma duk ranar da wani ya ce a sa ko jikkar shayi ce a kan jifa, daga ranar ya bar gurup. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani da wasan nardi, wani wasa da ake yi da dayis, kuma akwai malamai da suka tafi a kan cewa wasa da dayis abin gudu ne ko da babu kuɗi. Wannan magana ce ta malamai, ka kai ta wurin malaminka ka faɗa mashi yadda wasan yake dalla-dalla, abin da ya ce maka ka bi.

Abin da zan iya yi maka shi ne in nuna maka yadda ake yi babu dayis kwata-kwata, don muna da ɗan'uwa da ya ce shi ba zai taɓa ba kuma ba mu so mu rasa shi. Kowa ya fara da tsakuwa biyar a gabanshi. In kana son abu mai wuya ya yiwu sumul ka biya tsakuwa ɗaya. In ba ka biya ba ka samu amma da tsada. In kuma da kanka ka yarda mutuminka ya faɗi, ko halinshi ya jawo mashi matsala, Tanko ya tsaya cin tuwo alhali ana bin su, sai a ba ka tsakuwa ɗaya. Babu sa'a a ciki ko kaɗan, dabara ce da zaɓi, kuma gaskiya wasu darare ya fi na dayis daɗi don mutane na neman matsala da kansu.

Sannan lokacin salla a tashi. Mu bayan isha'i muke farawa don kar ma a shiga wannan.

Akwai tsafi ko kiran aljanu a ciki?

Babu. Abin mamaki da ke cikin labaranmu irin na tatsuniya ne, tabarma mai tashi, ƙwarya da ba ta ƙarewa da fura, kurciya mai kawo saƙo. Ba a karanta komai, ba a kiran sunan komai. Mun kuma yi ma kanmu iyaka tun farko: ba ma sa addini a wasa, ba ma sa bori, ba ma sa sunan sarki ko malami ko ɗan siyasa na gaske, ba ma yi da wata ƙabila. Akwai kuma abin da na hana da kaina, labarin ƴan bindiga da satar mutane. Duk wanda ke da dangi wajen Madarunfa ko Gidan Runji ya san wannan ba abin wasa ba ne a wurinmu, mutum ya zo ya huta awa biyu ba za mu kawo mashi abin da ke hana shi barci ba. Ɓarayinmu ɓarayin tukunya ne da na kaji.

Mutumina zai iya mutuwa?

A wurinmu a'a, sai in kai ka so. Da farko ban yi wanga doka ba. Akwai ƙanen abokina, yaro ɗan lise, ya yi sati uku yana gina wani maharbi, har zana shi ya yi a bayan kayenshi ya turo mana hoto, da ƴar jakarshi da tabon da ke goshinshi. Wani dare ya jefa 3 a bakin gulbi na ce ruwa ya tafi da shi, ya mutu. Bai ce komai ba, ya rubuta "to" kawai, bayan minti kaɗan na ga ya fita daga gurup. Abin ya tsaya mani a rai kwana da kwanaki, na je har gidansu a unguwar Zariya na ba shi haƙuri, muka dawo da maharbin a kan cewa masunta sun tsamo shi can ƙasa kuma yanzu suna bin shi bashin rai. Tun daga nan in abu ya ɓaci mutum na suma, ko a kama shi, ko ya rasa abin da yake ji da shi, amma labarinshi bai ƙarewa sai ya ce ya ƙare.

In rezo ya gudu ko aka ɗauke wuta fa?

Zai gudu kuma za a ɗauke, musamman lokacin zafi, don haka muka gina wasan da sanin haka. Hanya biyu muke bi. Akwai ta kai tsaye, a yi kiran murya na gurup, ba bidiyo ba don bidiyo na shan forfe kamar rani na shan tabki. In mutum ya yanke ba a jiran shi fiye da minti biyar, sai a ce mutuminshi ya tsaya ɗaure takalmi, in ya dawo ya tarar da mu. Akwai kuma ta sannu-sannu, wadda na fi ba sababbi shawara: mai jan labari ya aiko vokal ɗaya da safe, kowa ya amsa lokacin da ya samu sarari kafin dare, mai shago tsakanin ciniki, ɗan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo bayan ya fito aji, uwar gida in ta sauke tukunya. Labarin da za a gama a dare ɗaya sai ya ɗauki sati, amma ba wanda aka bari a baya. Vokal kar ya wuce minti ɗaya, don Allah. Kuma ka yi cajin waya tun da rana.

Ta yaya za a san mutum bai yi ƙarya a jifa ba?

Ɗan gajeren bidiyo, ko a yi jifar a Telegram, can in ka aika emoji ɗin nan na dayis shi kaɗai yana juyawa ya tsaya a lamba daga 1 zuwa 6 kowa na gani, ka aika sau biyu ka haɗa. Mu dai yanzu yawanci yarda muke yi, wanda ya gane cewa 5 na kawo dariya fiye da 12 ba ya ƙara ma kanshi.

Ina jin kunya, ban iya canza murya ba

Ba sai ka canza ba. Ka ce "Tanko ya ce ma mai gadi ya buɗe" ya wadatar, ko ka rubuta in vokal ɗin ne ke maka nauyi. Wadda ta yi muryar Iya Delu ɗin can sati biyu na farko ko kalma ba ta furta ba, rubutu kawai take yi. Mai jan labari nagari zai riƙa kiran sunan mai shiru yana tambayar shi, ke fa me kike yi a lokacin, don masu baki kar su cinye daren.

Mata na iya shiga?

Sosai. Wasu na wasa da ƴan'uwansu da mazajensu a gurup na dangi, wasu kuma sun fi sakewa su kaɗai, sai ɗaya daga cikinsu ta ja labarin. Doka ɗaya ce ba sassauci, ba a ɗaukar lambar kowa daga gurup a bi shi ta gefe.

Ina so in ja labari amma ina tsoron in rikice

Za ka rikice, ba komai, ƴan wasa ba su san abin da ka shirya ba balle su san ka kauce. Kar ka rubuta labari daga farko har ƙarshe, in ka rubuta za ka fara tura mutane su bi hanyarka kuma za su ji. Ka rubuta matsala ɗaya, wurare uku, mutane uku kowanne da abin da yake so, da sunaye goma a gefe don lokacin da za a tambaye ka sunan mai sayar da goro da ba ka taɓa tunanin shi ba. Abin da ya rage ka saurara. Sau da yawa ƴan wasa na cikin gardama wani zai ce "ni fa ina zargin matar mai gari ce", kai kuma ba ka da wanda ya yi, to ka ɗauka, ita ce.

Kuma kar ka je neman kaya a nesa, dogayen gidajen sarakunan Turai da dusar ƙanƙara da ba mu taɓa gani ba. Muna da ganuwa da ƙofofin gari, ayarin fatake da jakuna, rijiya mai gaba sittin, kasuwa mai ci sati-sati, sarkin ruwa, sarkin aska, maroƙa, kurmi da kukoki. Garin nan namu na Maraɗi kanshi ambaliyar 1945 ce ta tashe shi daga kwarin gulbi ya hau tudu, ni daga nan na ɗauko wani labari na garin da ruwa ya kora, mutane suka koma neman abin da kakanninsu suka bari a ƙasa, sai da muka yi wata biyu a kanshi. Je ka zauna wurin tsohuwar gidanku ka ce ta ba ka tatsuniya biyu, ka ɗauki farkon ka bar ma ƴan wasa ƙarshen.

In an yi abin da ba ka da doka a kai, ka ce a jefa, ka ci gaba. Kar a tsaya gardamar doka fiye da minti ɗaya.

Mutum nawa, kuma awa nawa?

Huɗu da mai jan labari biyar, shi ne daidai. Shida na yiwuwa, bakwai hayaniya ce, gara a raba biyu. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a tsaya tun ana so.

Ina waje, zan iya shiga?

Wannan ma na cikin dalilin da ya sa muke yi a waya, yayana na Abijan ya fi shekara ba mu yi hira mai tsawo ba sai gaisuwa da ya aiki ya iyali, yanzu kuwa duk sati muna tare, shi ne buzuzun. Ka dai lura da agogo. Katsina da Kano da Aljeriya lokacinmu ɗaya, Abijan da Akara suna bayanmu da awa ɗaya, Libiya na gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, Faransa kuma lokacin sanyinsu muna daidai, lokacin zafinsu suna gaba da awa ɗaya.

Da wane harshe ake yi?

Hausa. In kalmar Faransanci ta faɗo ba wanda zai tsayar da kai.

Yara fa?

Daga shekara takwas zuwa sama suna kamawa da sauri, wani lokaci sun fi manya, don su ba su jin kunyar cewa za su hau bayan kada. Amma kar a sa su a gurup da baƙi. Babba ɗaya na gida ya riƙe wayar, ya zaunar da su a tabarma, ƴan'uwansu na wani gari su shigo ta kira, a rage zuwa minti arba'in, kuma a bar su su rufe da ƙurunƙus da bakinsu.